Littafin Lissafin Sabon Mai Sana'a

Mai sana'ar kansa shi ne wanda ba shi da maigida sai kansa. A Dalijan, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, yakan fara da keken ɗinki, ko teburin cajin waya, ko ɗan shagon tireda. Shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne kuma yaron shagon da ke bin albashin wata uku.

Harajin samunsa yana hannun hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kebbi. Sabuwar dokar haraji, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yafe naira 800,000 na farko cikin samun shekara. Abin da ya haura nan ake yanka wa haraji. Sanin ko an haura ɗin kuwa, sai da littafi.

Littafin kashi uku ne. Na farko na ciniki, ana cika shi da kyakkyawan rubutu har tsawon mako guda. Na biyu na kuɗin da aka kashe, hujjarsa rasit. Rasit kuwa yakan ƙare rayuwarsa a naɗe da ƙosai. Na uku, mafi kauri, na bashi ne. A nan kawu yake, da suruki, da abokin makarantar allo. Kowannensu ya sa ranar biya: gobe, in Allah Ya kai mu.

A ƙarshen shekara lissafi yakan nuna riba cif. Sai dai tana kwana a gidajen mutane. Dokar kuma ba ta tanadi biyan haraji da alkawarin kawu ba.