Bola da Ma'aikatanta

Bola ba ta neman takardar izini kafin ta kafu. Bukatarta kango ne ko fulotin da mai shi ke zaune a Abuja, sai kuma yaro guda da aka aika zubar da shara ana dab da take ƙwallo. An ce masa ya kai can bakin titi inda motar hukuma ke tsayawa. Ya auna nisa, ya auna nauyin bokiti, ya juye a lungun farko. Yaro na biyu ba shi da laifi, tunda shara ya tarar a wurin. Kafin wata ya zagayo wuri ya yi suna har ana kwatance da shi: in ka wuce bola ka sha kwana dama, gida na uku.

Daga nan maƙwabcin bola zai sayo fenti ya rubuta a bango cewa an hana zuba shara a nan. In abin ya kai shi maƙura ya ƙara da Allah ya isa. Rubutun yana da amfani ga baƙo, domin duk inda ya gan shi ya san nan ne 'yan unguwa ke zubar da shara.

Bola tana da ma'aikata, kowa da lokacinsa. Da asuba 'yan jari bola ke kama aiki, buhu a kafaɗa, a hannu sanda mai mayen ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar sifika. Su tsince ƙarfe da gwangwani da gorar ruwa da tsinkakken silifa, su kai wa mai sikeli ya auna ya biya. Robar ta wuce masana'anta a narka, ta dawo kasuwa a matsayin buta ko bokiti. A duk harkar shara wannan ne sashen da bai taɓa cewa mota ta lalace ba, kuma shi ne ba ya cikin kasafin kuɗin kowa. Da hantsi awaki da tumaki su karɓa. Suna cin ɓawon doya da ganyen alale, su haɗa da ledar da aka ƙulla su a ciki. Mahauci ne ke ganin sakamakon ranar da ya farke tumbi. Da rana iska ta ɗauki aikin rabo, ta kai ledar fiya wata kowane gida da kowace kwata ba nuna bambanci. Da magariba sai hayaƙi. In ka tambayi wanda ya cinna wutar, kowa zai ce ba shi ba ne, kuma a manyan juji wani lokaci gaskiyarsu ce: abinci idan ya ruɓe a ƙarƙashin tuli yana fitar da iskar gas mai cin wuta.

Akwai ma'aikacin da leda ta ɓata wa sana'a, wato manomi. A da, manoman karkarar Kano kan shigo birni da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Birni ya tsarkaka, gona ta ƙoshi. Har yau da rani ana sayen tifar shara a zube a gona, sai dai yanzu takin yana zuwa da fasassun kwalabe da mataccen batir, wani lokaci har da allurar asibiti.

Sai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, gadon zamanin Buhari da Idiagbon da suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984. A hana zirga-zirga da safe, matasa su fito da shebur da manjagara su yashe kwata, su jera baƙin taɓo tsibi-tsibi a gefen titi. Aiki ne na gumi, kuma da zuciya ɗaya ake yin sa. In tifa ba ta zo ba, tsibin zai bushe, babura su baje shi, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wata mai zuwa a sake fitowa da shi. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatar da ta toshe takan turo kayan har tsakar gida, sauro da amai da gudawa na biye.

In kuwa tifa ta zo, yawanci babbar bola take kaiwa, tsohon kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasa. Juji na ƙa'ida ba haka yake ba. Ana dandaɓe gindinsa da yumɓu, a shimfiɗa roba mai kauri don kada baƙin ruwan shara ya tsiyaya zuwa rijiyoyin mutane. Katafila ta danne abin da aka zuba, a rufe da ƙasa kullum kafin a tashi, a kafa bututun fitar da gas, a kewaye da shinge. Inda aka bar tuli yana hawa son ransa, an ga ƙarshen abin. A Maris 2017 jujin Koshe na Addis Ababa ya rufto kan gidajen da ke gindinsa, mutum fiye da 100 suka rasu. A Agusta 2024 na Kiteezi a Kampala ya yi irin haka.

Gyaran ba ya buƙatar baƙo daga waje. Hukumar kwashe shara, irin REMASAB ta Kano, ta sa wa kowace unguwa ranar zuwan mota, mai unguwa ya sanar a masallaci, motar kuma ta zo a ranar. Ranar tsafta a fara zuba wa tifa mai kafin a tare hanya. Kowane gida ya ajiye mazubi biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa don manomi, ɗaya na leda da roba da ƙarfe don ɗan jari bola, shi kuma a yi masa rajista a ba shi safar hannu da takalmin ruwa. Sharar asibiti ta bi hanyarta daban. A dawo wa duba-gari da ƙarfinsa. Ita ma leda ba ta fi ƙarfin doka ba, tunda Ruwanda ta haramta ta tun 2008 kuma har yau ana cefane a Kigali.

Masu asara a wannan tsari awaki ne. Ya kamata a sanar da masu su da wuri, domin su tanadi kuɗin dusa da harawa.