Yadda Za Ka Kai Barsu Ziyara Damagaram

Ba a kiwon kare ranar farauta, haka kuma ba a shirya masa tafiya ranar tafiya. Idan ka ƙudurta cewa bana, da zarar an kai amfani gida, za ka bar Wurno ka gaido dangi a Damagaram, kuma karenka Barsu zai raka ka, to matso mu yi shawara tun damina ba ta ɗauke ba. Dabbar da ta kwana tana gadin awakinka, ta bi ka dawa cikin rani ba ta taɓa neman lada ba, ta cancanci a yi mata shiri irin na mutunci.

Fasfon kare allura ce. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a Birnin Kudu ko Dutse a yi masa riga-kafin ciwon hauka, a ba ka kati mai ɗauke da kwanan wata, sa hannu da hatimi. Ana fara ta tun kare yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma nan gida ake haɗa ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato. A nan raha ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari ta cizon kare, kuma da yawansu yara ne. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Don haka ko Barsu bai taɓa wuce kasuwar Sara ba, a yi masa. In kuwa ya ciji wani a hanya, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti nan take. Wanda ya ce a tsige gashin karen a ɗora a kan ciwon, ka gode masa, ka ci gaba da wankewa.

Bayan kati, ka nemi takardar shaidar lafiya ta fita da dabba daga hukumar NAQS, wadda ke duba dabbobi da tsirrai a iyakokin Nijeriya. Ka kuma tambayi direbobi halin da iyaka ke ciki a makon, domin tun juyin mulkin Nijar na 2023 lamarinta yau fari gobe tsumma. Sunan da ke kati ya dace da sunan da karen ke amsawa. Mu nan habaici muke sa wa kare, ko Barsu ko Ba-ruwanka, kuma ka yi tunani a kan ranar da jandarma zai tambaye ka sunansa, ka dube shi ido cikin ido ka ce "Ba-ruwanka". Miƙa masa katin ya karanta da kansa.

Yanzu sai tasha, inda aikin yake. Kada ka tunkari ɗan kamasho da kare a gefenka kamar ka zo da buhun gero. Ka bar shi a inuwa wurin yaro, ka yi sallama, ka tambayi gajiya, sannan ka ce, "Maigida, mu biyu ne, amma abokin tafiyata ƙafarsa huɗu." Zai ce, "Malam, ai motar nan ta masu alwala ce." Gaskiyarsa. Ko da yake a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, tasha ba zauren karatu ba ce, kuma dattijon da ya sa farar riga yana da haƙƙin ya isa Gumel da farinta. Ka biya kujeru biyu a can baya, ka shimfiɗa buhu, ka sa wa Barsu takunkumin da zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki. Makonni kafin tafiya ka riƙa sa masa shi a gida, ka kuma ɗan zaga da shi a mota, don kada ya fara koyon duka biyun a gaban jama'a.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yarda a sa shi a but. Kare ba ya gumi kamar mu, da harshe yake fitar da zafi, kuma in tafiyar ta kai watan Afrilu, zafin wannan hanya yana haura digiri 40. Ka tashi da asuba, ka ɗauki jarkar ruwa da kwanonsa na kansa. Kada ka cika masa ciki kafin a tashi, in ba haka ba tuwon zai dawo tun ba ku kai Dutse ba. In ka sayi tsire a hanya, cire albasar kafin ka jefa masa, tana lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza ma a bar shi, yana tsagewa ya soke hanji.

Kauce wa Maigatari ranar Alhamis. Ranar kasuwa ce, shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasashen biyu sun cika gari, kuma karen da ya saba kora awaki daga gonar gyaɗa zai ɗauka an tara masa aiki ne. Dillalai ba za su fahimci kyakkyawar niyyarsa ba.

Idan kun tsallaka, kada igiya ta bar wuyansa. A can zai iya haɗuwa da karnukan Buzaye, dogaye sirara masu gudu kamar iska, waɗanda Turawa suka kwasa suna kira Azawak. Barsu zai so ya gwada ƙwanji. Hana shi, domin ba ka san wanda aka yi wa allura a cikinsu ba. Masu masauki kuma a sanar da su tun kana gida. Baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma ɗaya kada ya iso da wutsiya.

Mai hangen Turai kuwa ya ƙara haƙuri. Sai an dasa wa kare ɗan ƙanƙanin guntun lamba a ƙarƙashin fata, a yi allura, bayan kwana 30 a ɗebi jini a auna, sannan a jira wata 3. Amurka ma tun Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba.

In ka lissafa duk wannan ka ga kwana biyar kawai za ka yi, to bar Barsu a gida, kira ƙanenka mai tausayi, ka auna masa garin da zai isa, ka nuna masa inuwar da Barsu ke so da lokacin da yake shan ruwa. Ka bar tsohuwar rigarka a inda yake kwanciya, mai ƙanshin jikinka, wadda ba a wanke ba. Ranar dawowa kuma kada ka sa fararen kaya, domin tun daga bakin gari zai tarye ka da ƙafafun gaba biyu a ƙirji.