Duk Wanda Ya Faɗi Rago Ne

A Tsohuwar GRA ta Maiduguri, ba nisa da filin Polo, akwai wata majalisa da ke zama bayan La'asar a gindin dogon yaro. Mu huɗu ne ginshiƙanta: wani tsohon darakta da ya yi ritaya, wani ɗan kwangila mai jiran a biya shi kuɗin aiki, wani malamin jami'a, sai ni mai ɗaukar rahoto. A cikinmu babu mai hawa bene ɗaya bai tsaya ya huta a tsakiya ba. Duk da haka mu ne kotun ƙoli ta damben boksin, ajin masu nauyi.

Ƙarar da ta fi daɗewa a gabanmu ita ce ta Anthony Joshua, ɗan asalin Shagamu ta jihar Ogun. Ranar da ya yi nasara "yaronmu" ne, ranar da aka doke shi kuwa ɗan Ingila ne. Abin da ake shari'a a kai shi ne: sau nawa ya kare kambunsa, kuma da maza ya kara ko da buhunan gero?

Darakta ne mai gabatar da ƙara. Yakan gyara zaman hularsa zanna, ya kurɓi shayi, ya fara lissafi. Charles Martin da Joshua ya ƙwace kambun IBF a hannunsa a 2016, a turmi na biyu? Tsintar kambun ya yi, don abokin karawarsa gwiwa ce ta ci amanarsa. Dominic Breazeale? Dogon banza. Eric Molina? Cikon benci. Carlos Takam, ɗan Kamaru? Saura ƙasa da mako biyu aka kira shi ya maye gurbin Kubrat Pulev, kamar wanda aka tsayar a hanya ya zama waliyyin amarya.

Ɗan kwangila ya ce, "Ranka ya daɗe, Wladimir Klitschko fa? Mutum 90,000 a Wembley, Afrilun 2017. Ya kai Joshua ƙasa a turmi na shida, yaron ya tashi ya gama da shi a na sha ɗaya."

"Alhaji, tsoho ne. Shekararsa 41."

Darakta ya haura saba'in, kuma kullum yana gaya mana cewa da an bar shi a ofis da ya gyara jihar nan cikin wata shida. Ashe tsufa a gidan Klitschko kawai yake sauka.

Na daɗe ina nazarin dokar majalisarmu, yanzu na gano ta. Kafin dambe, abokin karawa dodo ne. Za ka ji ana cewa "wannan karon yaron ya haɗu da gamonsa". Da ya faɗi sai ya koma ɗaya daga cikin uku: tsoho, mai ƙiba, ko wanda bai shirya ba. Ta wannan lissafi ba yadda zakara zai taɓa doke gwani, domin dukan da ya yi masa shi ne shaidar ragontarsa.

Sai Andy Ruiz ya zo ya rikita mana lissafi. Mai tumbi ne, irin tumbin da muke gaisawa da shi kullum a majalisa, kuma shi ma cikon gurbi ne bayan an kama Jarrell Miller da ƙwayoyin ƙara kuzari. Ranar 1 ga Yunin 2019 a New York ya kai Joshua ƙasa sau huɗu, aka tsayar da wasa a turmi na bakwai. Mako guda ɗan kwangila yana shafa cikinsa da alfahari, yana cewa ƙarfi a tumbi yake. Da aka sake haɗuwa a Diriyya ta Saudiyya a Disamba, Ruiz ya ƙaro kusan kilo 7 ya sha kashi da maki, sai ga Alhaji yana tambayar kuɗin rajistar gidan motsa jiki. Tambayar kawai ya yi.

Malamin jami'a shi tarihi yake jawowa. Ya ce Joe Louis sau 25 ya kare kambunsa, amma 'yan jaridar zamaninsa suka riƙa kiran wasu abokan karawarsa ragwayen wata-wata. Deontay Wilder sau goma ya kare na WBC, aka ce kabewa yake fasawa. Da Tyson Fury ya lallasa shi a 2020 sai ya ɗora laifin a kan kayan adon da ya shigo fili da su, wai nauyinsu ya kashe masa ƙafafu. Wannan uzuri ya burge majalisa ƙwarai, domin mu ma babbar riga ce take hana mu gudu.

Mutum ɗaya ne a wurin ya taɓa sanin ɗanɗanon naushi: maigadin Darakta, Basakkwace, wanda ya ɗaure hannu a gidajen dambe da ƙuruciyarsa, ya kuma tashi da labarin Shago a kunne. Ba a tambayarsa. Wai shi bai san boksin na zamani ba, tunda ba ya kallon YouTube.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, muna tsakiyar yanke hukunci cewa Oleksandr Usyk dabara kawai ya fi Joshua, Daniel Dubois kuma sa'a ya taka, sai ragon layyar Darakta ya tsinke igiya ya nufo tabarma. Malam ya bar takalmi ɗaya da tabarau. Alhaji ya shige mota ya kulle, har da ɗaga gilashi. Ni ban san lokacin da na rungumi dogon yaro ba. Darakta kuwa, mai ciwon gwiwa tun zamanin mulkin soja, sai ga shi a kan bencin mai shayi.

Maigadi ya taso a natse, ya kama ƙaho, ya murɗe, ya kwantar da shi a turmi na farko.

Darakta ya sauko yana kakkaɓe riga, ya dubi ragon sama da ƙasa, ya ce, "Ai wannan ba wani rago ba ne. Ya tsufa, ga ƙiba, kuma bai shirya ba."

Gobe bayan La'asar za a saurari ƙarar Muhammad Ali. Mai zuwa ya taho da kujerarsa, an mayar da ragon bayan gida da igiya biyu.