Manhajar Kyauta da Kuɗin Fetur

Blender, manhajar zane mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, ta zama kyauta tun 2002, bayan jama'a sun yi karo-karon Yuro 100,000 sun fanso ta, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow da ya ci Oscar a 2025. Sai dai mai zane a garin Bici da ya bar manhajar Maya, wadda ake haya da dala, ya koma Blender, ba kasafai yake ganin rara ba, tunda Mayar ma a filashin aboki ta zo masa. Kuɗinsa wurin mai fetur suke tafiya saboda janareta, domin harhaɗa hoto ɗaya kan ci sa'o'i, wutar lantarki kuwa ba ta yi alkawarin jira ba.