Madalla da Masu Haƙurin Shekara 12

Madalla da shugabannin wasanni na duniya, mutanen kirki da ba sa gaggawar ɓata wa maguɗi suna. Mu a unguwarmu ta Bulabulin ba mu san besbol ba, ƙwallon nan ta sanda da Amurkawa ke bugawa, amma labarin karamcin masu ita ya iso mana. A 1998 Mark McGwire ya kafa tarihi, filaye suka cika maƙil, kuɗi suka kwararo. A 2010 ya amsa da bakinsa cewa ya sha magungunan ƙara ƙarfi, kuma a shekarar ce ya kama aikin koyar da 'yan wasan ƙungiyar St. Louis Cardinals. Dama wa ya fi shi cancantar tarbiyyar yara?

Babbar jinjina kuwa ta Kwamitin Olamfik ce. A Sidni, shekarar 2000, 'yan Najeriya huɗu suka yi tseren ba-ni-sanda na mita 400 kowannensu: Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong. Suka zo na biyu, Amurka ta ɗauke zinariya. Sai a 2008 Antonio Pettigrew na Amurka ya faɗa a gaban kotu cewa da magani a jikinsa ya yi gudu a wancan zamani. Mai gajen haƙuri da nan take ya miƙa wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Su kuwa dattawa ne, sai suka ƙara shekara 4 suna nazari, sai a Yulin 2012 suka ce zinariyar ta Najeriya ce. Sunday Bada, ɗan sanda haifaffen Kaduna, ya riga ya rasu a Legas tun Disambar 2011. Ka ga an hutar da shi nauyin rataya ta a wuya, an hutar da shi hawan dandamali da tsayuwar taken ƙasa. Allah ya saka musu daidai da aikinsu.

Kada a ce ba su iya sauri ba. Chika Amalaha ta Najeriya, yarinya 'yar shekara 16, ta ci zinariyar ɗaga ƙarfe a Gilasgo a 2014, mako bai wuce ba aka karɓe saboda an samu magani a jikinta. 'Yar tseren Najeriya Blessing Okagbare ta samu dakatarwar shekara 11 kan shan magani, kuma ta ci ta samu. Eric Lira, mutumin Tekzas da ya sama mata maganin, wata 3 aka yanke masa. Ma'auni ke nan na adalci: wanda ya haɗiya ya sha ɗaurin rai, wanda ya ɗura masa ya ɗan huta ya dawo kasuwa.

Kuma darasin ya shiga, sai a yi musu barka. Yaron unguwarmu da ke jefa tiramol a baki kafin ya shiga fili, ko kafin ya kama ƙarfe, ba wawa ba ne. Ya duba ya ga wanda ya yi gudu da jininsa tsarkakakke ya mutu da azurfa, wanda ya sha kuwa ya zama koci. Don haka ina roƙo, kada a goge sunan kowa daga littafin tarihi, kada a ce wa kowa ya maido kuɗin da ya ci, kada a bi sawun likita ko koci ko dillali. Idan yaron ya faɗi yana farfaɗiya a bakin fili, ai uwarsa ce za ta nemi kuɗin asibiti, ba su ba.