Kowa da Halinsa a Layin Lilon Orlando

Lilon da, shiga kake yi a ɗaure ka, a wujijjiga ka, ka yi ihu ka sauko, ba wanda ya fi wani. Amma masu gidajen wasan Orlando, a jihar Florida ta Amurka, sun daɗe da gano cewa mutum ya fi sakin kuɗi idan aka ba shi aikin yi. Sai suka miƙa wa mai hawa bindiga ko sitiyari, suka kafa allon da ke nuna makin kowa, suka kuma buɗe shagunan da za ka biya ka haɗa abin wasanka da hannunka. Wai don yara aka yi. Yaran dai suna nan, amma wanda ya koma gefe ya zuba ido zai ga manya abin ya fi tona wa asiri.

Shugabansu shi ne Kawo-in-riƙe-maka. Matattararsa Droid Depot, shagon haɗa mutum-mutumi da ke unguwar Star Wars, wadda Disney ta buɗe a 2019 cikin gidan wasanta na Hollywood Studios. Tsarin shagon ba shi da wuya. Ka biya, a ba ka kwando, ka tsaya gaban wani bel da ke zagayawa da kawuna da gangar jiki da ƙafafu kala-kala, ka tsinci waɗanda suka yi maka, ka je teburi ka ɗaure su da sukundireban lantarki. Iri biyu aka fara da su: mai ƙafafu irin R2-D2, da mulmulalle mai gangarawa irin BB-8. Ɗan shekara bakwai ma zai iya. Sai dai da yaro ya miƙa hannu ga jan kai, uban zai ce, "A'a, wannan ba zai shiga da shuɗin jiki ba." Da ya ɗauki sukundireba, "Kawo in riƙe maka, kada ka ji ciwo." Kafin ka ankara uba ya duƙa yana zufa, yaro na tsaye bayansa hannu a aljihu yana tambaya, "Abba, yaushe zan yi nawa?" Idan aka saka mutum-mutumin a gurbin da ake kunna shi, ya yi ƙara ya juya kai, uban ne ke fara tafi, sannan ya waiwayo ya ce, "Ka ga abin da ka haɗa!" Shi ne kuma zai fara ajiye shi ƙasa ya danna rimot, ma'aikaciya ta zo da murmushi ta gaya masa ba a sakin su cikin taron jama'a. In yaronka ƙarami ne, bar shi ya zaɓi mai ƙafafun. Mulmulallen maganaɗisu ne ke riƙe da kansa, yana karo da bango kan ya yi nasa wuri.

Kusa da nan akwai Savi's Workshop, inda ake haɗa takobin haske, kuma can ne Mai-ruwan-ido ke shan azaba. Mutum 14 ake ɗauka a lokaci guda, shi ya sa ake kama wuri tun kafin ranar. Salon ƙota huɗu aka fara da su, dutsen da ke ba takobin launi shi ma huɗu: ja, shuɗi, kore, da shunayya. Mutuminmu ya yi wata guda yana kallon hotunansu a waya, ya yanke shawara a kan kore. Ana miƙo masa duwatsun sai ya ga na kusa da shi ya ɗauki ja. Shi ke nan, hannu ya tsaya a sama. Sauran 13 sun gama suna jiran a rage fitila a kunna takubba tare, shi yana nan yana musanya ƙarfen tsakiya. A ƙarshe zai fito da kore, ya yini yana leƙen na mutane.

Mai-lissafi kuwa bakin ƙofa yake tsayawa. Sanda aka buɗe wuraren nan a 2019, mutum-mutumi dala 99.99 ne, takobi dala 199.99, ban da haraji, kuma tun daga lokacin farashin sama ya yi. Sai ya fito da waya ya buga da kuɗin ƙasarsu, naira ce ko sefa ko fam, ya yi salati, ya nuna wa uwargida. Ita ko ta ce, "Baban Amira, tun daga gida fa aka yi maganar nan." Ya sake bugawa ko an yi kuskure. Ba a yi ba. Bayan rabin awa za ka gan shi ya fito da akwatin mutum-mutumi, da jakar goya shi, da wani ɗan guntun abu da ake cusa masa ya sake murya, duk an biya daban-daban. Ni ban ga laifinsa ba, lissafinsa daidai ne, lokacin yin sa ne ya kuskure. A masauki ake gaya wa yara abu nawa za a saya, ba a gaban kanta ba.

Sai kumbon Millennium Falcon, wanda a ganina babu inda ya kai shi raba kan iyali. Mutum shida ke shiga ɗakin tuƙi: matuƙa biyu a gaba, maharba biyu a tsakiya, injiniyoyi biyu a baya. Tuƙin ma raba shi aka yi, na hagu ke kai kumbo hagu da dama, na dama ke kai shi sama da ƙasa. A nan ake samun Direba-ba-lasisi, wanda tun a layi yake ba da labarin shekarun da ya yi yana tuƙi ba ko ƙwarzane. Ana tashi zai danna ƙasa maimakon sama, domin ja baya ake yi kumbo ya ɗaga, ya daki duk abin da aka gina a hanya, yana faɗin "Na'urar ce ba ta da kyau." A bayansa kuma ga Injiniya-mai-ƙorafi. Aikinsa bai wuce danna maɓallan da suka yi haske a gefensa don gyara ɓarnar da na gaba ya yi ba, amma ba zai danna ba, ya shagala da ba da umarni: "Hagu! Na ce hagu! Wa ya ba yarinyar nan sitiyari?" Yawancinsu ta layin masu hawa su kaɗai suka shigo don gudun jira, ba su san cewa cike gurbi ake yi da su ba, kuma gurbin da ke ragewa sau da yawa na baya ne. Mai son tuƙi ya bi babban layi, ya roƙi ma'aikacin da ke raba aiki da ladabi. In kuma kun faɗo jirgi ɗaya da 'yan shekara biyar guda biyu a gaba, riƙe kujerarka ka yi dariya, ba wanda zai mutu.

Sarkin-maki bai san dariya ba. Za ka same shi a Toy Story Mania, wanda aka buɗe a 2008, inda ake sa tabarau a riƙa jan wata 'yar igiya ana harbin abubuwa a allo. Abokiyar karawarsa 'yarsa ce 'yar aji biyu, amma haƙora ya cije yana jan igiya har kafaɗa ta riƙe. Da allo ya nuna sakamako zai ɗauki hotonsa ya tura wa abokan aiki. In kuwa yarinyar ce ta ci, to bindigarsa ce ta maƙale, dole a koma layi. A gidan wasan Universal, cikin Men in Black Alien Attack, ya haddace komai: a danne kunama kada a saki, a harbi motar da ke gefe ta yi ta juyawa, sannan a ƙarshe akwai jan maɓallin da wanda ya fara dannawa a kan lokaci ke samun maki 100,000. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba zai taɓa yi ba shi ne ya gaya wa na kusa da shi kafin a tashi.

Har yanzu a Universal, a unguwar Harry Potter da aka faɗaɗa a 2014, akwai Mai-sanda. Ana sayar da sandar siddabaru tare da taswira. A wasu wurare an kafa tambarin tagulla a ƙasa mai nuna yadda za a juya sandar, wata kyamara a ɓoye tana bin tsininta, in ka yi daidai sai ruwa ya zubo ko wani abu ya motsa a taga. Da wuyan hannu ake yi, a hankali. Mai-sanda kuwa da kafaɗa da ƙugu yake yi, yana kaɗa iska, yana faɗin kalmar da ƙarfi, taga ta yi shiru. Layi ya taru bayansa. Sai wata 'yar ƙanƙanuwa ta matso ta ɗan karkaɗa tata, abu ya motsa. Ya dubi tasa sandar ya ce jabu aka sayar masa. A shagon Ollivanders kuma akan zaɓi mutum ɗaya cikin 'yan kallo, galibi yaro, a yi masa wasan cewa sanda ce ta zaɓe shi. Uba ya cika da alfahari, sai a bakin kanta ya gane sandar da ta zaɓi ɗansa ba kyauta ba ce.

Akwai Mai-raɗin-suna, a shagunan Build-A-Bear, kamfanin da Maxine Clark ta kafa a St. Louis a 1997. A can yaro ke zaɓar 'yar tsana, a cusa mata auduga, a sa mata 'yar zuciya ta ƙyalle, a ɗinke, a ba da takardar haihuwa. Wajen cike takardar ake kiran kaka a waya, a yi gardama ko sunan wa za a mayar, rago kawai ya rage.

Janar shi ne mai manhaja da jadawali, wanda ya tashi iyali tun asuba, ya ƙayyade har mintin shiga bayan gida. Kada ka raina shi, shi kaɗai ya san cewa kumbon Millennium Falcon ba a hawa sai yaro ya kai inci 38, wajen santimita 97, don haka nasa yaran ba sa kuka a bakin ƙofa. Kishiyarsa shi ne wanda ke cusa wa yaro takarda a takalmi, ma'aikaci ya auna, ya yi murmushi, ya ce a dawo baɗi. Mai-waya ba sai an yi dogon bayani ba: makinsa sifili, bidiyonsa duhu.

Duk waɗannan, kayansu hannun mutum ɗaya yake ƙarewa, wato Hajiya-mai-kaya. Da ƙarfe goma na safe aka haɗa mutum-mutumi da takobi, da sha ɗaya kowa ya gaji da nasa. Ita ce za ta yini cikin zafin Florida da akwati a hannu, takobi mai tsawon wajen mita guda a kafaɗa, 'yar tsana a hammata, tana zaune a benci ana cewa, "Umma, jira mu nan, yanzu za mu fito." Wasu lilon Universal ma ba a shiga da jaka sai an kulle ta a loka, lokar kuma ƙarama ce, sai a ce ai ga Umma. Ta biya tikiti cikakke, abin da ta gani bencuna ne.

Saboda haka mai niyyar zuwa ya kama wurin haɗa kayan wasa da yamma, bayan an gama hawa abin da za a hau. Hukumar tsaron filayen jiragen Amurka ta yarda a wuce da takobin, amma ka tambayi kamfanin jirginka tun da wuri yadda za a ajiye shi. Kuma tun kafin a biya kuɗi a yi sharaɗi a gaban shaidu: wanda ya haɗa abu shi zai ɗauki abinsa.