Siginar Mai Keke

Keke ba shi da fitilar sigina, hannun mahayinsa ne ke wannan aikin. Tun 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Najeriya, don haka kwanar dama ba ta da tashin hankali: a miƙa hannu, a rage gudu, a karya. Hagu ce mai magana, domin sai an ratsa layin motoci. Ƙa'ida ita ce a waiwaya, a miƙe hannun hagu sambal tun da sauran tafiya, a sake waiwayawa, sannan a shiga. Mai babbar riga ya fi kowa sa'a a nan, hannunsa tuta ne, muddin sarƙa ba ta cafke gefen rigar ba.

A Kano kuwa miƙa hannu na da wata fassara: ɗan adaidaita sahu kan zaci fasinja ne, ya taka burki a gaban mutum nan take. Shi ya sa ake haɗa ido da direba kafin a motsa. Ba a raɓar tirela a kwana, tayoyinta na baya ba sa bin sawun na gaba. Inda mahaɗa ta cakuɗe, halal ne a sauka a tura keken.